Haɗin Kyamis da Ciwon Ɓarin Kai: Maganin da Ke Dawo da Cuta

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a garuruwanmu na kudancin Kano, tun daga Tiga da Bebeji har Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma gaskiya na gaji da ganinta. Da zarar kan mutum ya fara sarawa sai ya tura yaro kyamis, ya ce a ba shi "haɗi". Mai kyamis ya ɓallo fara, ya ɓallo ja, ya ƙara da ruwan ɗorawa, ya ƙulle su a 'yar leda, ba suna ba takarda. A watsa a baki a kora da ruwa. Gobe haka, jibi haka. Ranar kasuwar Kwanar Dangora ma ba sai an je kyamis ba, ga masu talla nan da kwalin magani a ka, rana tana dukan ƙwayoyin tun hantsi.

Da yawa daga masu wannan haɗiye-haɗiyen ciwon ɓarin kai ke damunsu, wanda a asibiti ake ce wa maigiren. Mai shi ya san shi: gefe ɗaya na kai ya yi ta bugawa, zuciya na tashi, wani har da amai, ba ya son haske, ba ya son ƙara. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Wasu kafin ya zo sukan ga walƙiya ko zane-zane a idonsu. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi, mata sun ninka maza kusan sau uku, kuma yana bin jini. Masu cewa iska ce ko kambun baka su yi addu'arsu, ba mai hana su, amma ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar nan ta "ai tunda ƙwayar tana kwantar mini da shi, ba laifi in riƙa sha kullum." Akwai laifi, babba ma kuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano wani ciwon kai na daban wanda shan maganin ciwon kai ne ke haddasa shi. Har iyaka suka yanke. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, tsawon sama da wata 3, ya shiga sahun. In kuwa Tramol ne, ko kodin, ko Cafergot, ko ƙwayar da aka gauraya da sinadarin kafin, kwana 10 a wata ma ya isa. To haɗin leda a wane ɓangare yake? Mai shan bai sani ba, domin bai san abin da ke ciki ba.

Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙwaƙwalwa ta saba da ƙwayar. Da ƙarfinta ya fita daga jiki, galibi da asuba, sai kai ya fara nauyi. Mutum ya sha, ya ji sauƙi na 'yan awoyi, ya ƙara yarda cewa ƙwayar ce mai cetonsa. Ciwon da a da yake zuwa sau biyu a wata sai ya koma na kullum. Za ka ji baiwar Allah tana cewa, "Ni fa in ban sha ba ba na iya tashi in ɗora girki." Gaskiya ta faɗa, sai dai ba ta san cewa abin da take gudu da abin da take haɗiya sun riga sun zama abu guda ba.

Wannan kai kaɗai ke nan, ba a zo kan sauran jiki ba. Diclofenac da piroxicam da ibuprofen dangi ɗaya ne, amma sai a zuba biyu ko duka ukun a leda guda, a sha ba komai a ciki. Ƙarshenta gyambon ciki, bayan gida ya koma baƙi, ƙoda ta fara gazawa, hawan jini ya ƙi sauka. Farasitamol da ake rainawa, babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wuce haka hanta ce ke biyan bashin. Cafergot kuma yana matse jijiyoyin jini, don haka mai ciki da mai hawan jini da mai ciwon zuciya ba su da gami da shi.

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya buɗe daga nan har Kadawa da Kura. Alheri ne, amma dubi yaran da ke ƙwadago a gonakin shinkafa da tumatir: yini a rana, ba isasshen ruwan sha, ba karin kumallo, kai ya sara, a jefa Tramol a ci gaba da aiki. Hukumar NAFDAC miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su, amma 'yar 225 ce ke yawo a aljihun samari. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Tramol ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne, ƙara masa gindin zama yake yi.

To me za a yi? Farko a san kwana nawa ciwon ke zuwa. A samu kalanda ko tsohon littafin ɗan makaranta, duk ranar da kai ya yi ciwo a yi alama, duk ranar da aka sha ƙwaya a yi wata, da boko ko da ajami. A rubuta abin da ya gabace shi: tsallake abinci ne, ko rashin barci, ko jinin al'ada, ko turaren wuta da humra a ɗaki rufe, ko ƙyallin rana a kan ruwa ga masunta. Mai yawan goro da shayi ya lura da ranar da bai samu ba, musamman farkon azumi. Wannan takarda ita za a kai wa likita, ta fi dogon labari amfani.

In ciwon ya taso, a sha magani guda da aka san sunansa, da wuri, a kwanta a ɗaki mai duhu, a sha ruwa. Kada ya wuce kwana 2 a mako. Wanda ya riga ya saba da na kullum, in ya daina kansa zai ƙara tsananta na 'yan kwanaki, wani har mako 2, sannan ya fara sauƙi. A daure. Amma mai shan Tramol ko kodin kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai, sai da kulawar asibiti.

Akwai kuma magungunan rigakafi da likita ke rubutawa, kuma nan ma mutanenmu na yin ɓarna. An ba mutum amitriptyline, ya sha kwana 3, ya ji barci da bushewar baki, wani ya raɗa masa cewa ai na masu taɓin hankali ne, sai ya jefar. Ɗan kaɗan ake bayarwa don ciwon kai, da dare ake sha, kuma kasalar kan ragu in jiki ya saba. Propranolol na sa gajiya, mai asma ba ya shan sa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Topiramate na sa yatsu su riƙa tsitsitsi, yana buƙatar yawan shan ruwa saboda tsakuwar ƙoda. Shi da wani mai suna valproate suna iya cutar da ɗan tayi, don haka mace ta faɗa wa likita in tana da ciki ko tana nema. Wadda ke ganin walƙiyar nan kafin ciwo kuma ta faɗa kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai sinadarin estirojin na ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Duk waɗannan magungunan rigakafin sai sun yi wata 2 zuwa 3 ake sanin ko sun karɓi mutum. In illar ta yi yawa a koma a faɗa, a rage ko a canza. Shiru da jefarwa ne ba su da amfani.

Wani ciwon kan kuma ba na jira ba ne: wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko mai zazzaɓi da sandarewar wuya a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko na mai ciki da ƙafa ta kumbura, ko wanda baki ya karkace ko hannu ya mutu. Wannan a nufi asibiti mafi kusa nan take, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ku kuma masu kyamis, ku ji tsoron Allah. Kun san fuskokin da ke zuwa muku kullum da kukan ciwon kai. Ku daina ƙulla musu leda, ku faɗa musu sunan abin da kuke ba su, ku tura su asibiti.