Ƙwallon Kwando: Me Ya Sa 'Yan Wasa Biyar Ba Sa Isa?

Wanda ya leƙa fili da yamma ya ga 'yan mata biyar-biyar suna fafatawa, sai ya ɗauka biyar ɗin su ne ƙungiya. Ina! Dokar FIBA ta yarda a rubuta 'yan wasa 12, kuma da dalili.

Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 10, gudu ba sassauci. Wadda ta yi laifi biyar ta fita ke nan. To in benci ba kowa fa?

Kakar wasa kuma doguwa ce. Farkon zango atisaye cike yake. Ana nisa sai targaɗe, sai jarrabawa. Ga 'yan'uwanmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: in sun je gida hutu, lafiyar hanya ce ke yanke ranar dawowarsu, saboda 'yan bindiga. Mutum uku suka makara, atisaye ya tsaya, shirin NIPOGA ya koma baya.

Ko D'Tigress da suka kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Paris a 2024, su 12 suka je.

Don haka 'yar'uwa, ko ba ki taɓa jefa ƙwallo ba, ki zo. A fili ake koya.