Gida Bisa Taya: Yadda Ake Tsara Zagayen Duwatsun Yammacin Amurka

A shekarar 1930 aka gama huda wani dutse a kudancin jihar Yuta ta Amurka, aka fitar da hanya mai tsawon kilomita 1.8 a cikinsa domin masu ziyarar gandun Zion su wuce gabas. Injiniyoyin wancan zamani sun auna ramin ne da motocin zamaninsu, ba su yi zaton wata rana mutum zai zo da mota mai gado da murhu da firji da bayan gida ba. An daɗe ana tsayar da masu tahowa daga ɗaya ɓangaren domin irin wannan mota ta bi tsakiyar ramin, direbanta ya biya dala 15. Hukumar gandun ta sanar da ƙarshen wannan rangwame daga tsakiyar 2026: motar da faɗinta ya haura kimanin mita 2.4, ko tsayinta ya haura mita 3.4, sai ta zagaya. Mafi yawan motocin gida na haya sun haura wannan faɗi idan aka haɗa da madubin gefe.

Kamfanonin haya kan tallata motar gida, wadda Amurkawa ke kira RV, da cewa 'yanci ce: inda dare ya riske ka, nan ne masaukinka. A gandayen da kowa ke son gani, ba haka abin yake ba. Ma'aikacin da aiki ya kai shi ofishin jakadancinmu na Washinton, ko wanda zai je bikin kammala karatun ɗansa yana son ya zaga da iyali na kwana goma, zai tarar cewa abubuwa uku ne ke mulkin tafiyar, wato girman motar, ranar kama gurbin kwana, da ruwa.

Zagayen da aka fi bi yana farawa daga Las Begas, inda ake karɓar mota, ya bi ta Zion da Bryce da tafkin Powell da Grand Canyon, ya dawo. Duka-duka bai gaza kilomita 1,300 ba. Lasisin tuƙi na ƙaramar mota ya wadatar ga motar da tsawonta yake mita bakwai zuwa tara, kuma shawarata ita ce a ɗauki mafi ƙanƙanta da za ta ɗauke iyali. Babba tana da daɗi da dare, da rana kuwa azaba ce wajen kwana da ajiyewa. Lita ɗaya ta fetur ba ta cika wuce kilomita huɗu ba, kuma kamfanoni da yawa suna cajin nisan da aka yi ban da kuɗin kwana.

Akwai kuma kuɗin shiga. Daga Janairun 2026 katin shekara na gandayen ƙasa ya zama dala 250 ga wanda ba mazaunin Amurka ba, mazauni kuwa dala 80. Baƙon da ba shi da katin zai biya ƙarin dala 100 a kan kowane babban mutum a gandaye 11, kuma Zion da Bryce da Grand Canyon duk suna cikinsu. Iyalin da za su shiga ukun ba sa bukatar dogon lissafi kafin su sayi katin.

Daga Las Begas zuwa Zion kimanin kilomita 260 ne. Kafin a isa, kusa da garin Hurricane, akwai madatsar Sand Hollow, ruwa shuɗi a tsakiyar jan yashi, kuma nan ne ya dace yara su fara iyo. A Zion kanta, zangon Watchman da ke bakin ƙofar kudu shi ne abin nema, domin wasu gurabensa suna da wutar lantarki, kuma daga nan da ƙafa ake isa tashar bas. Ana buɗe rajistarsa a shafin Recreation.gov wata shida kafin ranar kwana, guraben bazara kuwa ba sa daɗewa. Wanda ya saba da neman alfarma ta waya ya sani cewa a nan babu wanda zai kira. In gurbi ya ƙare, sai zangon 'yan kasuwa a wajen gandun, da tsadarsa. Tun shekarar 2000 bas ɗin gandun ne ke shiga da mutane cikin kwazazzabon a mafi yawan watannin shekara, don haka motar za ta huta kwana biyu ko uku.

A ƙarshen layin bas ɗin ne ake shiga Narrows, inda bangon dutse ya matse kogin Virgin har ba sauran tudu, sai tafiya cikin ruwa, wani wuri zuwa gwiwa, wani wuri zuwa ƙugu. Wuri ne mai ban mamaki, amma ba na iyo ba ne. Tun 2020 hukumar ke gargaɗi kan wata gansakuka mai guba a kogin, tana hana nitsa kai cikin ruwan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ambaliyar ba-zata. Ruwan sama na iya sauka a tudu mai nisa, mutum yana ganin rana a kansa, laka da itatuwa su taho ta matsatsin ba tare da wurin gudu ba. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu haka a wani kwazazzabo na Zion. Daga Yuli zuwa Satumba ne irin wannan ruwa ya fi yawa, kuma a Yulin ne zafin Las Begas ke haura digiri 40. Watan Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, shi ne lokacin tafiyar.

Tunda ramin dutse ya rufe ga babbar mota, sai a koma babbar hanya mai lamba 15, a yi arewa, sannan a karkata gabas zuwa Bryce. Yini guda ya isa a kalli dubban ginshiƙan jan dutse da sanyi da narkewar ƙanƙara suka sassaƙa. Wurin yana sama da mita 2,400 daga doron teku, ya ninka tudun Jos, saboda haka a tafi da bargo ko da a Yuni ne.

Daga nan kimanin kilomita 240 zuwa garin Page da tafkin Powell, wanda madatsar Glen Canyon mai tsayin mita 216 ta tara a kan kogin Kolorado. Nan ne iyon gaske. A bakin ruwan Lone Rock ana barin mota ta kwana a kan yashi ba tare da gurbi ba, babu wuta, babu mai ceto a bakin ruwa. Yashin yana riƙe motoci masu nauyi, kuɗin janyowa kuma ba kaɗan ba ne; a sauka a taka hanyar da ƙafa kafin a shigar da mota. Fari ya janye tafkin matuƙa, har a farkon 2023 ya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake iya ɗauka, don haka hoton da aka gani a intanet ba lallai ya dace da bakin ruwan yau ba. Yara su sa rigar iyo. Kwazazzabon Antelope da ke kusa yana ƙasar ƙabilar Nabaho, ba a shiga sai da ɗan jagora. A can ma ambaliya ta kashe mutum 11 a Agustan 1997. A lura da agogo kuma: a bazara Yuta tana gaban Page da sa'a ɗaya, alhali tazarar iyakarsu tafiyar 'yan mintuna ce.

Kwanan Lone Rock ne ke koya wa mutum ruwan cikin motar. Tanki uku gare ta: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Iyalin da ke alwala sau biyar a yini, suna kuma tsarki da ruwa, za su ƙarar da na farko su cika na ƙarshe da sauri fiye da lissafin kamfanin haya. Buta da jarka biyu suna rage matsalar, alwala a yi ta a waje. Zubar da tankin ƙazanta sai a tashar da aka tanada, da safar hannu, kuma aikin maigida ne, ko da darakta ne a ma'aikatarsa. Ladan wannan wahala shi ne murhu: nama na halal da shinkafa da aka saya a Las Begas za su kai iyali har ƙarshen tafiya.

Zango na ƙarshe shi ne bakin kudu na Grand Canyon, kwazazzabon da zurfinsa ya kai kilomita ɗaya da rabi, tsawonsa kilomita 446. Trailer Village ne ke da wuta da ruwa da magudana. Zangon Mather ba shi da su, kuma ba ya karɓar motar da ta haura ƙafa 30. Komawa Las Begas kimanin kilomita 450 ne, kwatankwacin Abuja zuwa Kano. Kamfanoni yawanci da safe suke karɓar mota, da fetur yadda aka ba da ita, tankunan ƙazanta kuma babu komai ciki, saboda haka daren ƙarshe a kwana kusa da gari.