Me Ya Sa Ake Tsoron Littafi A Hannun Yaro?

A cikin shekarar 2007 ne gwamnatin Jihar Kano ta wancan lokaci ta sa aka ƙone tarin littattafan Hausa na soyayya waɗanda aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyya. Iyaye da yawa sun yi na'am da wannan mataki, kuma ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba, domin a cikin littattafan da ake kira Adabin Kasuwar Kano akwai na banza, waɗanda ba a rubuta su don komai ba sai don kuɗi. Amma wuta ba ta san littafin kirki ba, balle ta tsallake shi.

A dubi littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Wa Zai Auri Jahila? wanda ya fito a 1990. Labari ne na yarinyar da aka cire daga makaranta aka aura wa dattijo ba da son ranta ba, ta gudu, daga baya ta koma neman ilmi. Ita kanta marubuciyar an yi mata aure tana ƙarama, karatunta ya katse. To, yarinya mai shekara goma sha huɗu da aka ga ta isa a ɗaura mata aure, ta yaya za a ce ba ta isa ta karanta labarin irin wannan aure ba? Abin da ake ɓoye mata a takarda, tana ganinsa a gidan maƙwabta, wani lokaci ma a ɗakin mahaifiyarta. Haka nan Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya nuna halin da uwargida da 'ya'yanta ke shiga idan maigida ya juya musu baya, ya kai ga an fassara shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya a 2012.

Wannan magana kuwa ba sabuwa ba ce a adabinmu. Tun a shekarun 1930 Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya kawo labarin attajirin da ya raba saurayi da budurwarsa da ƙarfin dukiya, da mugun abin da ramuwa ta haifar. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma bai ɓoye cinikin bayi ba. Waɗannan littattafai an karantar da su a makarantu shekara da shekaru, manyan ma'aikatanmu da dama da su suka tashi, ba a ce sun lalace ba. Dalili shi ne malami yana tsaye a gaban allo, ana karatu ana tambayarsa.

Yau ma dai ƙwace littafi ya zama aikin baban giwa. Labaran sun koma cikin wayar hannu, ana tura su babi-babi ta WhatsApp, babu mai tacewa, babu shugabar makarantar da za ta same su a ƙarƙashin katifa. Abin da ya rage wa hukumomin ilmi shi ne su zaɓi nagari daga cikin littattafan nan su ajiye a laburaren makarantu, a bar ɗalibi ya ɗauki wanda ransa ke so, a kuma ware sa'a guda a mako wadda malamin Hausa zai zauna da ajinsa su tattauna abin da suka karanta.