Dalilin Kamawar Fitilar Injin Bayan An Sauya Salansa

A Amurka da Birtaniya, masu motoci da dama kan cire salansar kamfani su sa wata mai ruri, amma kafin a yi nisa sai fitilar gargaɗin injin ta kama.

Galibi injin lafiyarsa ƙalau. A jikin bututun hayaƙi akwai wata 'yar na'ura mai auna iskar oksijin, wadda kamfanin Bosch ya ƙera, Volvo kuma ya fara amfani da ita a 1976. Da bayaninta kwamfutar mota ke ƙayyade fetur. Idan makaniki bai ɗaure mahaɗar da ke tsakanin injin da na'urar sosai ba, iska kan kutso daga waje, na'urar ta ɗauka mai ya yi ƙaranci, sai kwamfuta ta ƙara zuba shi. Aljihun mai mota ne ke biya.

Tun 1996 motocin Amurka ke ɗauke da na'ura ta biyu bayan tukunyar tace hayaƙi, kuma ita ce ke tona asirin wanda ya cire tukunyar, abin da doka ta haramta. A Birtaniya kuwa, tun watan Mayun 2018, fitilar a kunne kan kayar da mota a gwajin MOT na shekara-shekara.