Yadda Ake Yin Taki da Rassan Dabino da Lakar Magudanai

Kowa ya sani gona ba ta ba mutum sai abin da ya ba ta. Shi ya sa manoman kewayen Kano tun da daɗewa suke labta wa jakunansu shara da toka daga birni zuwa gonakinsu. To, a ƙasar Maroko akwai wata dabara mai kama da wannan, wadda ya kamata mu san yadda take.

Birnin Marakesh yana da dabino wajen dubu ɗari a kewayensa. Kowace shekara akan sassare busassun rassansa, su taru tuli. Rassan nan kuwa suna da tauri ƙwarai, ba su ruɓa da wuri, saboda haka galibi wuta akan sa musu. Ban da wannan kuma, akwai wurin da ake tace ƙazamin ruwan magudanan birnin. Idan ruwan ya kwanta, sai wata baƙar laka mai wari ta zauna a ƙasa. Lakar nan tana da abincin shuka da yawa, amma tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. In aka zuba ta a gona ɗanya, cuta za ta bi ganye ta koma cikin mutane.

Sai malaman Jami'ar Kadi Ayyad ta birnin suka ga kowane ɗaya yana da abin da ɗayan ya rasa. Rassan sun bushe, suna da kabon da yawa, nitirojin kaɗan. Laka kuwa jiƙaƙƙiya ce, nitirojin ya yi mata yawa, iska ba ta ratsa ta. Ƙananan halittun da ke ruɓar da abu suna son kabon kashi 25 zuwa 30 ga kashi ɗaya na nitirojin. Suka gwada gauraya iri biyu, watau laka kashi ɗaya da rassa kashi biyu, da kuma rabi da rabi, suka bar su wata shida.

Ga yadda aikin yake. Da fari a daddatse rassan ƙanana, gama in an bar su dogaye ba za su ruɓa ba. Sa'an nan a cuɗa su da laka, a yi tsibi. Laima ta zama daidai: in ka damƙi kaɗan a hannu ya dunƙule, amma ruwa bai zubo ba, to, ya yi. Cikin 'yan kwanaki tsibin zai ɗauki zafi da kansa. Zafin nan shi ne maganin cutar. A Amurka dokar 1993 ta ce a riƙe irin wannan tsibi a digiri 55 ko fiye har kwana 15, a juya shi sau biyar cikin kwanakin, don na gefe ya shiga tsaka, shi ma ya sha zafi. Wanda ya yi kasalar juyawa, tsibinsa zai yi tsami, cuta kuwa ta tsira a gefe.

Idan ya nuna, zafi ya sauka, wari ya tafi, sai ka ga abu baƙi mai laushi, yana ƙamshin ƙasa. Akan gwada shi da ƙwayar iri: in ta tsiro lafiya, takin ya isa shiga gona. A ƙasa mai rairayi yana taimakawa wajen riƙe ruwa, wanda shi ne babban abin nema ga mai noma a bakin hamada.

Amma fa akwai abu guda da zafi ba ya kashewa, watau gubar ƙarafa irin su dalma, wadda kan shiga magudanai daga masana'antu. Saboda haka tilas a auna lakar tun kafin a fara, in gubar ta yi yawa a bar ta. Mu da za mu koya wa yara aikin gona, mu riƙe wannan sharaɗi tare da dabarar, kada mu koyar da rabi mu bar rabi.