Ko Ka Sani? Na'urar Da Ke Motsa Allura A Fatar Kai

Ko ka san akwai wata 'yar na'ura, ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba, wadda aka ƙera don ta hutar da likita murza allura a kan majinyaci? Jinya ta fatar kai ba baƙuwa ba ce a Gaya da Ajingi na jihar Kano. Wanzami kan aske ƙeya, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho ya zuƙo jini saboda ciwon kai. Sinawa ma suna aiki a wannan fatar, sai dai su ba jini suke nema ba, jijiyoyi suke son zaburarwa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa, Jiao Shunfa, shi ya fito da tsarin a lardin Shanxi na ƙasar Sin a 1971. Da ma likitoci sun san kowace gaɓa tana da gurbinta a saman ƙwaƙwalwa, kuma ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu ne ke juya daman jiki, na dama ya juya hagu. Sai Jiao ya shata layuka a fatar kai daidai saitin gurabun. Layin motsi yana gangarowa daga tsakar kai zuwa gefen goshi, an kasa shi biyar: kason sama na ƙafa, biyun tsakiya na hannu, biyun ƙasa na fuska da harshe. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye, a hagun kansa ake tsira masa allura. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa sunaye na bai-ɗaya ga layuka 14 na fatar kai.

Allurar ba irin ta asibiti ba ce. Kaurinta bai kai rabin milimita ba, ba ta da rami, ba a ɗura magani da ita. A kwance ake zura ta tsakanin fata da ƙashi. Ba ta huda ƙoƙon kai, balle ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Wahalar tana wajen murzawa. Tsarin Jiao ya ce a juya allurar da yatsu kamar sau 200 a minti guda, a huta, a sake. Wane hannu ne zai jure wannan daga safe zuwa azahar? Nan na'urar ta shigo. Da batir take aiki. Wayoyi ne sirara ke fitowa daga jikinta, kowace da ɗan mamatsi a baki, ana maƙala su a gindin allurai biyu-biyu. Maɓalli ɗaya na ƙarfin wuta ne, ɗaya na saurin bugu, galibi daga sau 2 zuwa 100 a daƙiƙa. Likita yana ƙara wutar kaɗan-kaɗan har majinyaci ya ce ya ji zirr, a ga allurar tana ɗan rawa, sai a bar ta minti 20 zuwa 30. Binciken wani masani, Han Jisheng, a Beijin ya nuna bugu a hankali da bugu da sauri suna sa jiki ya saki sinadaran kashe zafi daban-daban.

Ana gwada hanyar ga masu shanyewar ɓarin jiki, sarƙewar magana da karkarwar hannu. Amma akasarin binciken da ya yabe ta a Sin aka yi shi, a kan mutane kaɗan, kuma masu tantancewa sun ce hujjar ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ba a jona na'urar ga mai batirin zuciya, ana kaffa-kaffa da mai farfaɗiya, ba a kuma tsira wa jaririn da maɗigarsa ba ta rufe ba. Allurar da ta shiga jikin wani a jefar da ita, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin tsini.

Idan kuwa bakin mutum ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, kada a tsaya cewa iska ce ta buge shi. A garzaya Babban Asibitin Gaya, daga nan a wuce Kano, misali Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Allurar kai sai daga baya, tare da gashi da motsa jiki da shan maganin hawan jini.