Baƙuwar kainuwa a kogin Yamai

In ruwa ya fara hawa, wanda ya tsaya bisa gadar Kennedy zai ga tsibiran ganye kore shar suna gangarowa a kogin Isa, da furanni masu ɗaukar ido. Masunta ba sa ganin wannan kyau. Ciyawar da ake kira jacinthe d'eau da Faransanci, wadda asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, tana cika musu taru, tana tare hanyar kwalekwale. Ɗaga guda ɗaya ka gani: gindin ganyen a kumbure yake kamar ƴar gora, cike da iska, ga baƙaƙen saiwoyi suna reto. Inda ta samu abinci, cikin mako biyu sai ta ninka kanta.

Abincin nan shi ne tushen maganar. Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi sun san kankare gansakuka aikin banza ne muddin ruwan na ɗauke da sinadaran nitirat da fosfat. Haka kogi yake. Ruwan kwatamin unguwanni da kwarin Gunti Yena ke kwararowa da shi, da na mahauta da majema, da ragowar takin zamani daga fadamun shinkafa, duk taki ne a wurin wannan ciyawa. In ta shimfiɗu sai ta hana rana da iska shiga ruwa, in ta ruɓe kuma ƙwayoyin bakteriya su shanye iskar da kifi ke shaƙa. A ƙarƙashinta sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya ke samun mafaka, a kogin da tashar Gudel ke ɗebo wa birni ruwan sha.

Ana gayyar cire ta da hannu, masu lambu na mayar da ita taki, kuma Mariama Mamane, ƴar Nijar, ta samu lambar yabon Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 kan dabarar yin taki da makamashi da ita. A tafkin Biktoriya, wani ƙaramin ƙwaro mai cin ganyenta aka saka mata. Duka suna da amfani. Sai dai irinta na iya kwanciya cikin laka fiye da shekara 15 yana jira. A ganina, kuɗin da za a kashe ya fi dacewa da tace ruwan Gunti Yena tun bai kai bakin kogi ba.